Kula da suwimin ful a Kano: ka biya mai yi ko ka yi da kanka? Ga yadda za ka lissafa

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, musamman daga waɗanda suka tare a gida mai suwimin ful a Nasarawa ko Bompai, da masu ƙananan otal da wuraren biki, kowa abu ɗaya yake son ji, wai wanne ya fi sauƙi, ya ɗauki mai zuwa yana kula masa da shi duk sati ko shi da yaran gida su riƙa yi. Toh abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, akwai kuɗi uku da za su bi ka ko wa ke yin aikin, kuɗin wuta da kuɗin ruwa da kuɗin magani. Abin da za ka rage in ka yi da kanka ladan mai zuwa ne kawai, shi ma sai in za ka iya juriya. Don haka kar ka yanke shawara sai ka bi matakan nan a jere.

1. Fara sanin lita nawa kwamin naka yake ci

Duk lissafin da zai zo gaba a kan wannan ya dogara, kuma da yawa masu gida ba su sani ba. Ka ɗauko tef ka auna tsawo da faɗi da zurfi da mita. In wani ɓangare ya fi wani zurfi, haɗa biyun ka raba biyu. Sai ka ninka ukun, abin da ya ba ka ka sake ninkawa da 1,000, shi ne litarka.

Misali mai tsawon mita 8, faɗi mita 4, zurfi mita 1.5, zai ba ka 48, wato lita 48,000 kenan. Da wannan misalin zan yi ta aiki har ƙarshe, kai sai ka sa naka lambobin. Ka rubuta a bangon ɗakin injin da babban alƙalami don kowa ya gani.

2. Lissafa kuɗin wuta

Nan ne kuɗi ke tafiya shiru-shiru. Injin da ke juya ruwan ya bi ta cikin filta dole ya yi aiki kullum, ba sai ranar da za a yi wanka ba. Ka duba 'yar farantin da ke jikin injin, za ka ga ƙarfinsa da kuma yawan ruwan da yake turawa a awa. In an rubuta yana tura lita 12,000 a awa, to awa 4 zai ɗauka kafin duk ruwan ya zagaya sau ɗaya, a lokacin zafi kuwa ana son ya zagaya sau biyu, awa 8 kenan.

Inji mai ƙarfin doki ɗaya yana shan kusan yunit ɗaya a awa. Awa 8 sau kwana 30, yunit 240 a wata. A watan Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit, wannan ya kama naira 54,000 a wata na injin kaɗai, ban da fitilu. An ɗan sassauta farashin daga baya, don haka kai dai ka duba rasit ɗinka na KEDCO ka ga nawa ake sayar maka da yunit yanzu, ka ninka.

In da janareta za ka riƙa tayar da shi kuma lissafin ya canza gaba ɗaya, tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda abin yake. Ka cika tanki, ka kunna injin awa biyu, ka ga lita nawa ta tafi, shi ne gaskiyar lissafinka. Masu sola su suka fi samun sauƙi, domin lokacin da aka fi buƙatar injin ya yi aiki lokacin ne rana ta take.

Gargaɗi: ƙaramin janareta ba ya ɗaukar wannan injin, lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da yake sha in ya daidaita, kuma wuta mai rauni tana ƙona kwayil. Sannan kar ka ce za ka rage kuɗi ta hanyar kunna shi sau biyu a sati, abin da ka rage a wuta za ka biya shi a magani har da ƙari.

3. Lissafa kuɗin ruwa

Kano ba Legas ba ce, iskarmu busasshiya ce, daga hunturu har bazara ruwa gudu yake yi sama. Kwamin misalinmu fuskarsa 8 sau 4 ce, duk santimita ɗaya da ruwan ya sauka lita 320 ce ta tafi, kusan jarka 13 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Ga kuma wanda ake zubarwa wajen wanke filta, ga wanda yara ke fantsamarwa. Mai bohal kuɗin wutar injin da ke jawo ruwan bohal ɗin zai lissafa, mai sayen tanka kuma ya tambayi farashi da lita nawa tankar take ɗauka.

Amma fa ka tabbatar rana ce ke shanye ruwan ba yoyo ba. Gwajin mai sauƙi ne, ka cika bokiti da ruwan kwamin, ka ajiye shi a kan matakala ta ciki, ka yi alama a saitin ruwan cikin bokitin da kuma saitin ruwan kwamin, ka bari kwana ɗaya ba mai shiga. In sun sauka daidai da juna rana ce. In na kwamin ya fi sauka sosai, akwai yoyo, kuma wannan ba aikinka ba ne, na ƙwararre ne.

Gargaɗi: wani ruwan bohal yana da sinadarin ƙarfe, yana fitowa garau amma kana zuba kulorin, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, sai ya koma ja-ja kamar ruwan shayi. Ka fara gwadawa a bokiti kafin ka cika lita dubu arba'in da shi.

4. Kayan aikin da za ka saya sau ɗaya

Doguwar sanda mai ƙaruwa, raga ta kwashe ganye, burushi, kan shara na ƙasan ruwa da dogon tiyonsa, bokitin roba biyu da ba za a yi komai da su ba sai wannan, ƙaramin sikeli mai auna giram, safar hannu ta roba, tabarau, da abin gwajin ruwa. Masu sayar da kayan famfo da na bohal a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa su za ka fara tambaya, in ba su da shi sun san mai shi.

Abin gwajin nan shi ne uban tafiyar, kar ka yi masa rowa. Akwai na tsinken takarda da ake tsomawa ya canza launi, akwai na ɗigo mai 'yan kwalabe biyu, na ɗigon ya fi faɗin gaskiya. Ka duba ranar lalacewarsa tun a shago, kuma kar a bar shi a rana ko cikin mota, zafin Kano yana kashe shi.

Wajen lissafi ka haɗa kuɗin kayan nan duka ka raba gida 24, wato ka ɗauka za su yi maka shekara biyu, abin da ya fito shi za ka sa a lissafin wata.

5. Magani: nawa ake zubawa, nawa zai ci a wata

Nan zan daɗe, domin nan ne ake cutuwa, kuma nan ne ake yin ɓarna.

Lambobi biyu za ka riƙe kamar sunanka. Kulorin ya zauna tsakanin 1 zuwa 3 a ma'aunin ppm, shi kuma pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 zuwa 7.6. In pH ya haura, kulorin ɗin da ka zuba ƙarfinsa raguwa yake yi, sai ka ga kana ta zubawa ruwan bai gyaru ba, ga wani farin datti mai tauri yana kama tayil. In ya faɗi ƙasa kuma ruwan ya riƙa cin ido yana cin simintin tsakanin tayil da ƙarafa. Shi ya sa kullum pH ake fara gyarawa sannan kulorin. Garin soda ash ke ɗaga shi, asid ke sauke shi, kaɗan-kaɗan ake zubawa injin na aiki, a jira wasu awanni a sake gwadawa.

Ga lissafin kulorin ɗin. ppm ɗaya yana nufin giram ɗaya a cikin lita 1,000. Kwamin lita 48,000 yana buƙatar giram 48 na zallan kulorin kafin ya ɗaga da ɗaya. Amma garin da ake sayarwa a durom, wanda aka fi sani da HTH, ba zalla ba ne, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ne, don haka kusan giram 75 za ka auna. A ce rana da masu wanka suna cinye ppm 2 kullum, giram 150 kenan a rana, kilo huɗu da rabi a wata. Sai ka tambayi farashin kilo ka ninka. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi, saboda haka ka tambaya a shago biyu ko uku a satin da za ka saya, kuma sayen babban durom ya fi awo-awo sauƙi nesa ba kusa ba in kana da wurin ajiya mai sanyi.

Akwai kuma na ƙwaya, manyan fararen nan masu giram 200 da ake sawa a 'yar roba mai yawo a saman ruwa. Su ƙarfinsu ya kai kashi 90, suna narkewa a hankali, kuma suna ɗauke da sinadarin da ke kare kulorin daga rana. Wannan kariyar tana da amfani sosai a nan, domin in babu ita ranar bazara tana cinye mafi yawan kulorin cikin 'yan awanni. Sai dai sinadarin taruwa yake yi ba ya fita, ana son ya tsaya tsakanin 30 zuwa 50 a ma'aunin ppm, in ya yi yawa sai ya danne kulorin ɗin ya hana shi aiki, maganinsa kawai a rage ruwa a ƙara sabo. Ni shawarata a yi amfani da ƙwayar don riƙe ruwan yau da gobe, garin kuma don ƙarawa da kuma bugu mai ƙarfi, wato zuba da yawa lokaci ɗaya kamar a mataki na 8, amma kowanne daban.

Gargaɗi, kuma don Allah a karanta wa duk wanda zai taɓa kayan nan: ba a haɗa garin kulorin da na ƙwaya a mazubi ɗaya, suna iya kamawa da wuta ko su fashe. Ba a haɗa kulorin da asid, hayaƙin da ke fitowa yana kisa. Ruwa ake fara zubawa a bokiti sannan a zuba maganin a kai, ba a zuba ruwa a kan magani. Kowanne da ludayinsa. A ajiye su nesa da fetur da janareta, a ɗaki mai iska, a kulle, yara ba sa kaiwa.

Da yamma bayan rana ta faɗi ake zuba garin, a narkar a bokiti a zagaya da shi gefe-gefe. Kar a watsa shi haka nan ya zauna a ƙasa.

6. Aikin kullum da na sati

Kullum da safe, minti goma zuwa sha biyar, a kwashe ganye da ƙwari da raga, a zazzage kwandon 'yar tagar nan ta jikin bango da ruwa ke bi, sikima suke ce mata, a duba ruwan yana tsakiyar tagar, a gwada kulorin da pH a rubuta a littafi. In ruwa ya sauka ƙasa da tagar injin zai ja iska ya yi ta juyi a bushe har ya lalace, wannan ƙaramin sakaci shi ke jawo sayen sabon inji.

Sau ɗaya a sati kuma a goge bango da matakala da burushi, a share ƙasa da tiyo, a buɗe kwandon injin a wanke, a duba agogon da ke kan filta mai auna matsin ruwa. Da hunturu sau ɗaya ba ya isa, ƙura sauka take yi dare da rana, sai an yi shara sau biyu ko uku. Mai hali ya sayi murfin rufewa, yana tare ƙura kuma yana rage gudun ruwa. Da damina kuma duk ranar da aka tafka ruwa a gwada washegari da sassafe, domin ruwan sama yana tsarma maganin, a watan Agusta kwana biyu na sakaci ya isa gansakuka ta fito.

7. Wanke filta

Ranar da filta take da tsabta ka duba inda allurar agogon take ka yi alama. In ta haura da 8 zuwa 10 a ma'aunin psi lokacin wanki ya yi. Ka kashe inji, ka juya hannun da ke jikin filta zuwa inda aka rubuta Backwash, ka kunna minti biyu zuwa uku har ruwan da ke 'yar kwalbar gefe ya washe, ka kashe, ka kai Rinse, ka kunna kamar rabin minti, ka kashe, ka mayar Filter.

Gargaɗi: ba a taɓa juya hannun nan inji yana aiki, robar ciki yagewa take yi. Yashin cikin filta kuma yana yin shekara 3 zuwa 5 kafin a canza, kuma yashi ne na musamman, ba yashin gini da tifa ke kawowa ba.

8. In ruwan ya riga ya zama kore

Za ka iya da kanka in bai yi nisa ba. Ka sauke pH zuwa 7.2, ka goge ko'ina, bayan magariba ka ɗaga kulorin zuwa ppm 10, a kwamin misalinmu kusan giram 750 kenan, ka bar inji ya kwana yana aiki, in da safe kulorin ya faɗi ka sake. In koren ya mutu ruwan ya koma fari-fari, ka narkar da alif ka zuba, ka sa hannun a Recirculate kamar awa biyu, ka kashe komai ya kwana, dattin zai kwanta a ƙasa, sai ka share a hankali hannun yana kan Waste don kar ya koma filta. Za ka yi asarar ruwa, ka tanadi na ciko. Kar kowa ya shiga sai kulorin ya dawo 3 kuma kana ganin ƙasan kwamin tar.

Wannan gyaran sau ɗaya yana iya cinye maganin kwana biyar zuwa goma, ga wuta ga ruwa. Ka sa shi a ranka lokacin da kake tunanin za ka iya juriya ko ba za ka iya ba.

9. In mai zuwa za ka ɗauka, ga abin da za ku yi magana a kai

Kar ka tsaya a "nawa ne a wata". Ka tambaye shi sau nawa zai zo a sati, domin mai zuwa sau ɗaya da mai zuwa sau uku ba farashinsu ɗaya ba, kuma ko sau uku yake zuwa sauran kwanakin wani a gidan ne zai kwashe ganye ya kunna inji. Ka tambaya magani a kan wa yake. In a kansa ne akwai jarabar ya riƙa tsuke hannu, in a kanka ne kuma ba a aunawa durom zai riƙa ƙarewa da wuri. Abin da na fi yarda da shi, kai ka sayi maganinka ka ajiye, shi ka biya shi ladan aikinsa, duk zuwa ya gwada ruwan ya rubuta lambobin da giram nawa ya zuba a littafin da ke ɗakin injin. Tunda ka riga ka yi lissafin mataki na 5 ka san abin da ya kamata ya tafi a wata. Wanda ya zo ba shi da abin gwaji, ido kawai yake dubawa ya ce "Alhaji ruwan nan lafiya lau", a sallame shi cikin mutunci.

Ku kuma yi magana a kan gyara, ko yana cikin kuɗin wata ko daban ne, kuma ya nuna maka wani gida ko otal da yake kula da shi ka je ka gani. Sannan a tsayar da rana da lokaci, gida ne mai iyali, bai kamata namiji ya riƙa faɗowa tsakar gida duk sanda ya ga dama ba, Hajiya ta san lokacin zuwansa, ya yi sallama a yi masa iso. A biya shi a kan lokaci kuma, aiki ne mai wahala cikin rana da warin magani.

10. Yanzu sai ka haɗa lissafin

Ka raba takarda biyu. Kuɗin wuta da ruwa da magani ka rubuta su a kowane ɓangare, iri ɗaya ne. A ɓangaren mai zuwa ka ƙara ladansa. A ɓangaren yi da kanka ka ƙara kuɗin kayan aiki na wata, da ɗan abin da za ka ƙara wa maigadi ko yaron gida in shi zai riƙa yi, domin ba daidai ba ne a ɗora masa sabon aiki a kan tsohon albashi. Bambancin da ya rage shi ne ainihin abin da kake saye ko kake ragewa.

In ƙaramin kwami ne na gida kuma kana gari, ko akwai mutum ɗaya mai hankali da za ka koya wa, ku yi da kanku, a kira ƙwararre sau ɗaya a wata ko wata biyu ya duba inji da filta ya yi cikakken gwaji. In kai matafiyi ne, yau Abuja gobe Umara, ka ɗauki mai zuwa, domin ruwan da aka bari sati biyu ba inji ba magani gidan sauro yake zama, maƙwabta ma sai sun ji a jikinsu. Otal da wurin biki da makaranta kuwa babu zancen yi da kanka, jama'a ke shiga, a ɗauki wanda aikinsa kenan, a gwada ruwa fiye da sau ɗaya a rana. Haka lokacin hutun Sallah da 'ya'yan dangi ke cika gida, a ƙara gwaji a ƙara magani.

Abubuwa huɗu kuma ko ka ƙware kar ka taɓa: wayarin inji da fitilun cikin ruwa, neman yoyo, canza yashin filta in ba ka taɓa gani an yi ba, da kwashe ruwan duka. Kwamin da aka bari babu ruwa a zafin Afrilu tayil ɗinsa na iya ɗagowa, da damina kuma ruwan ƙasa na iya tura shi ya tsage. Mai gyaran wutar ya tabbatar akwai wayar ƙasa (earth) mai kyau da na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta fara zuba, ka sa ya gwada a gabanka.

Kuɗi ɗaya ne ban yarda a cire daga kowane ɓangaren takardar ba, shinge mai ƙofa da sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu, kuma 'yan mintuna sun isa. In babu shi a gidanka, shi za ka fara kira wa mai walda kafin ka sayi ko kilo ɗaya na kulorin.